Ƙafar Zabo da Ɗigo Biyu

Duk wanda ya ci kasuwar Kaura Namoda a shekarun farko na jihar Zamfara ya san rumfar Labbo, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan kafin a shiga layin mahauta, kwano uku ne kacal a kan itatuwan dogonyaro, ga dutsen wasa wuƙa mai feda a gaba, ga tsohon batirin mota a ƙasa, ga kwalabe jere a kan katako kamar na mai tallar maganin basir. Baƙo yakan tsaya ya rasa ko maƙeri ne, ko mai cajin batir, ko boka. Shi kansa Labbo idan aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce duba wuƙaƙe yake yi, kuma gaskiya ya faɗa, don dubawar ta fi aikin yawa.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai ba su faɗi yadda yake gajiyar da jama'a ba. Ka kawo wa Labbo wuƙa ya wasa maka, sai ya juya ta ciki da baya, ya kai ta hasken rana, ya tambaye ka inda ka saye ta, da shekarar, da wanda ya sayar maka. Wasu suna ɗauka tsegumi ne. Ba tsegumi ba ne. Akwai wata wuƙa da yake nema, ya kuwa shekara kusan talatin yana nemanta.

Labbo ɗan Moriki ne, ɗan Anaruwa maƙeri, wanda a zamaninsa ba mahaucin da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi da bai san wuƙarsa ba. Tambarinsa ƙafar zabo ce, layi uku da suka haɗu wuri ɗaya, yana buga ta a gindin wuƙa kusa da ƙota tun ƙarfen yana ja. Yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. Ranar da aka haifa masa ɗa namiji, Nuhu, sai ya ƙara ɗigo ɗaya a ƙarƙashin ƙafar zabon. Da aka haifi Labbo ya zama ɗigo biyu. Ƙarfen da yake buga ɗigon da shi ya ɗan ɓantare a baki, saboda haka ɗigon ba ya fita da'ira sosai, yakan fito kamar ƙwayar wake da idonta. Ko a cikin wuƙaƙe ɗari Labbo zai gane shi.

Anaruwa mutum ne da ba ya son magana, Allah kuma ya ba shi ɗa wanda bakinsa ba ya hutawa. Me ya sa ƙarfe yake ƙara tauri in an tsoma shi a ruwa? Me ya sa gawayin ƙirya ya fi na marke? Tsohon yakan nuna masa zugazugi da haɓa kawai. A shekarar da aka gama yaƙin basasa suka zo Kaura sayen tsohon sifirin mota, Labbo ya ga kan jirgin ƙasa tsaye a tasha, ya tsaya yana leƙen cikinsa har uban ya gama ciniki bai sani ba. Wata biyu bayan haka ya ce zai shiga aikin Reluwe. Anaruwa bai ɗaga kai daga uwar maƙera ba. Abin da ya ce kawai, a gaban masu jiran garma, shi ne, "Kowa yab bar gida, gida ya bar shi."

Shekara huɗu bayan nan tsohon ya rasu. Labbo yana Zariya a lokacin, kafin ya iso an yi jana'iza. A wurin zaman makoki Nuhu ya zauna yana lissafa rigimar marigayin ta ƙarshen rayuwa, yadda ya hana kowa taɓa masabarsa, yadda ya daina cin tuwon da ya kwana, yadda ko ƙota ba ya yarda a sa masa, sai ya kori kowa ya sa da kansa. A tsakiyar wannan lissafi ya juyo ya ce wa ƙanensa, "Kai kuma tun da kat tahi, ɗigo guda yaka bugawa."

Wannan magana ta zauna wa Labbo a ƙirji. Ya san yayansa yana ƙara wa zance gishiri, ya kuma san yana jin haushin barin sa da aka yi da zuga da guduma shi kaɗai, don haka bai yarda ba, bai kuma iya ƙaryatawa ba. Gani ya kori ji. Sai dai wuƙaƙen da tsohon ya ƙera a shekarun nan huɗu kaɗan ne, ciwo ya riga ya kama shi, kuma duk ta Moriki da ta zo hannun Labbo sai ta zama ta da ce, mai ɗigo biyu, wadda ba ta amsa masa komai. Abin da yake so ya sani ɗaya ne, ko ubansa ya mutu yana ƙirga shi cikin 'ya'yansa. Tun daga ranar, in ya je Moriki a zaure yake gaisawa ya juyo, bai sake sa ƙafa a cikin maƙerar ba.

A Reluwe an sa shi ɓangaren fitilu da batira. Da jirgi ya fara zuwa sau ɗaya a mako, ya koma sai an gan shi, Labbo ya haɗa dutsen wasa da ƙafar tsohon keke ya zauna a kasuwa. A nan ne wuƙaƙen waje suka same shi, irin masu kube waɗanda ba a naɗewa, da 'yan gwanjo suke shigowa da su ta wajen Jangeru. Galibi an shafe su da wani baƙin fenti mai kauri. Mahauta suna son ƙarfen amma ba sa son fentin, don in ya fara ɓarewa a nama yake zuba. Sai su kawo wa Labbo ya cire. Matsalar ita ce in aka kankare fentin, tambarin kamfanin da ke jikin wuƙar yakan dusashe, mai ita kuma ya zo yana faɗa wai an mayar masa da wuƙar Turai ta zama ta ƙauye.

Wani zai ba da haƙuri ne ya wuce wurin. Labbo kuwa tambaya ce ta kama shi. Ya lura tambarin nan ba bugawa aka yi ba, babu alamar guduma, bakinsa bai taso ba. To me ya ci ƙarfen? Ya yi watanni yana gwaji. Ya ɓata wuƙar yanka kuɓewar matarsa Mariya, ya ɓata ta maƙwabciyarta da aka aro, ya ƙone wandonsa biyu da ruwan batir. A ƙarshe ya gano hanya. Yakan narka kakin zuma ya shafe wuƙar, ya bi layin tambarin da allura har ƙarfe ya bayyana, ya maƙala jar waya a jikin wuƙar, baƙar kuma ya naɗe ta da auduga ya tsoma a ruwan gishiri, ya riƙa dangwalawa. Wurin da allura ta buɗe sai ya yi ta tsuwa yana kumfa, yana zurfi, sauran da kaki ya rufe ba abin da ke taɓa shi. Ranar farko ya juya wayoyin, ya yi ta dangwale har la'asar bai ga komai ba, ya zagi batirin tas, alhali batir ba shi da laifi.

Da aka ba da jiha a shekarar casa'in da shida, kasuwarsa ta buɗe, don kowa so yake a rubuta masa Zamfara a jikin wani abu, wuƙa, adda, har da wani direba da ya kawo sifana. Cikin wannan aiki ya gano wani abin da ya fi ba shi mamaki. Inda guduma ta taɓa buga tambari, ko da an goge wurin ya yi sumul, in ka shafa ruwan batir da aka sirka da ruwa, inuwar tambarin takan taso na ɗan lokaci. Ya gwada ya sake gwadawa, haka ne. Bai gaya wa kowa abin da yake tanadin wannan sani dominsa ba, amma Mariya ta sani.

Shari'a ta zo, gari ya ɗauki sabon salo, masu wa'azi suka yi yawa, waɗanda suka sani da waɗanda suka ji an ce. Wata Laraba da hantsi, bayan babbar Sallah ta shekarar dubu biyu, wani dattijon mahauci daga Shinkafi mai suna Abbati ya tsaya a rumfar Labbo ya zare wuƙa daga kube. Doguwa ce, ta yankan shanu, an lafta mata baƙin fenti tun daga tsini har gindi.

"Malam Labbo, cire man wanga abu," in ji shi. "Ni nis shahwa shi da hannuna, ni kuma yad dama."

"Mi yas sa ka shahwa ma wuƙar yanka henti, Alhaji?"

Abbati ya yi tsaki, ya zauna a benci. Ashe wasu samari ne suka tsaya a kansa a mayanka, suka ga zane a gindin wuƙar, ɗaya ya ce hatimin tsafin maƙera ne, ɗaya ya ce ai alamar wani addini ce, suka fara tambayar ko naman ya halatta. Shi kuwa da ya yi shekara arba'in yana bisimilla kafin ya yanka, tsoron bakin mutane ya sa ya sayi fentin mota ya shafe ta har sau uku. Sai da ya je wurin limaminsu, liman ya yi dariya ya ce alamar maƙeri ce kawai, ya je ya ci gaba da sana'arsa.

"Ƙahwar zabo ta fa," in ji Abbati. "Ta tsohonka. Ina son ka hiddo man ita ta hito sosai, wanda zai magana shi yi."

Labbo ya karɓi wuƙar ya juya ta. Ya tambaye shi shekarar da ya saya.

"Shekarar da anka canza kuɗi, anka koma naira. Ba ni mantawa, da sabbin takardu nib biya shi, yat tsaya yana juya su kamar bai yarda da su ba."

Shekara uku ke nan bayan tafiyar Labbo. Abin nema ya samu. Ya ce wa Abbati ya ba shi mako ɗaya, zai kai masa har Shinkafi ranar kasuwa, Alhamis ta sama, ya rufe rumfa tun rana ba ta take ba ya tafi gida da wuƙar a hammata.

A ƙa'idarsa, man birki yake shafa wa fenti ya bar shi kwana biyu, sannan ya bi shi a hankali da sillen kara, don takardar gogewa tana cin tambari. Shekara da shekaru yana yi wa mutane wa'azin haƙuri a kan wannan. Ranar nan haƙurin ya gagare shi. Mariya tana haɗa sabulu, ya ɗebi sodarta ya zuba a ruwan zafi cikin dogon gwangwani, ya rataye wuƙar da waya yadda ƙarfen kaɗai zai nutse. Ana haka aka kira Azahar, ya fita masallaci. Kafin ya dawo wayar ta zame, wuƙar ta faɗa ciki gaba ɗaya. Fentin dai ya saki, amma fatar da aka naɗe ƙotar da ita ta narke, icen ya kumbura ya tsage.

"Yau kuma malamin haƙuri na yay yi gaggawa," in ji Mariya.

Bai kula ta ba. Ya wanke wuƙar, ya share da tsumma, ya fita tsakar gida inda rana take. Ƙafar zabon tana nan, ta dusashe amma ana ganinta. A ƙarƙashinta ɗigo ɗaya, da idonsa na wake. Gefensa, inda na biyu yake zama, ƙarfe ne sumul, sai dai wurin nan ne daidai inda babban yatsan mahauci yake kwanciya, shekara ashirin da bakwai yana gogarsa. Watakila yatsa ne ya cinye shi. Labbo ya ɗauko kwalbar ruwan batir, ya sirka, ya tsoma gashin kaza ya shafa. Ya tsura ido. Ƙafar zabon ta yi duhu, ɗigon Nuhu ya yi duhu, gefensa bai nuna komai ba. Ya wanke ya sake. Ya sake na uku, har ƙarfen ya fara yin toka-toka, ya san in ya ƙara zai ɓata wa mutum wuƙa.

Nuhu bai yi ƙarya ba. Labbo ya zauna a kan turmi, mutum mai shekara hamsin da furfura a gemu, ya ji baƙin ciki irin na yaron da aka raba wa 'yan'uwansa nama aka tsallake shi. Da ma bai nema ba, da ya ci gaba da zama da shakkarsa, ita aƙalla tana barinsa ya yi barci.

Washegari da safe ya koma kan aikin, don alkawari alkawari ne. Ya shafa kaki, ya bi layi ukun nan da allura, ya zagaye ɗigon Nuhu har da idonsa. Sai allurar ta tsaya a gefe. Ba wanda ya iya wannan ɗigo kamarsa. Minti goma ya isa ya sa shi, ya yi zurfi daidai da ɗan'uwansa, Abbati ba zai taɓa lura ba, duk wanda ya ga wuƙar nan gaba zai ga ɗigo biyu. Mariya tana tankaɗe a bakin ɗaki, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Malam," ta ce, "in kas sa shi da hannunka, wa za ka ruɗa?"

Ya ajiye allurar. Ya haɗa wayoyi, ya yi ta dangwala auduga, ruwan gishiri yana tsuwa yana komawa ruwan ƙasa, yana canja audugar in ta yi baƙi. Da ya narke kakin ya wanke, ƙafar zabo ta fito raɗau kamar jiya aka buga ta, da ɗigonta ɗaya.

Saura ƙotar da gaggawarsa ta lalata, dole ya yi wa mutum sabuwa. Ya sa kurfi a tsagar icen ya buga, ta rabe biyu, wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota ta bayyana, baƙa ƙirin da tsatsa da tsohon ƙaro. Wani maƙerin zai soka ta a sabon ice haka nan. Labbo kuwa, ko a cikin baƙin ciki halinsa bai bar shi ba. Ya ga ba ƙusa ko ɗaya, ya so ya ga yadda tsohon ya yi ƙota ta riƙe shekara ashirin da bakwai ba ta girgiza ba. Ya ɗauki sillen kara ya fara kankare ƙaron.

Karan ya faɗa wani ɗan rami. Ya ɗauka cin tsatsa ne. Ya zuba kananzir ya goge, ya kai hasken rana. Cin tsatsa ba ya da baki mai tasowa. Wannan an buga shi ne da guduma tun ƙarfen yana ja, an kuma buga shi da ƙarfi, ya fi na waje zurfi. Ga idon waken nan a gefensa.

Ya daɗe yana kallo. Mariya ta taso ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ga abin da ya gani, ta koma ta zauna, ta rufe fuska da gefen zanenta. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma Anaruwa ya tafi da nasa cike. Ya faɗi magana a gaban masu jiran garma, girman kai ya hana shi janye ta, sai ya riƙa korar kowa daga maƙera yana buga ɗigon ɗansa inda ba mai gani.

Labbo bai jira Alhamis ba. Ranar Asabar ya naɗe wuƙar a tsumma ya shiga motar Moriki. Ya tarar da Nuhu a maƙera, ya tsufa, idonsa ya yi rauni saboda wuta. Labbo ya yi sallama daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya miƙa masa wuƙar ta wajen wutsiya.

"Yaya, taɓa nan."

Nuhu ya bi ƙarfen da babban yatsa. Ya tsaya. Ya sake bi. Ya kai ta kusa da ido, ya mayar da yatsa.

"Wagga ta yaushe ta?"

"Shekarar naira."

Nuhu ya ɗora wuƙar a kan cinyarsa. "Shi na yas sa yaka kora ta in zai sa ƙota," ya ce. "Ni ina can waje ina zagin rigimar tsuhwa. Wallahi ban sani ba, Labbo. Abin da nig gani shi nih hwaɗa maka."

"Na sani, Yaya."

"Kuma niy ji daɗin hwaɗin shi ran nan. Wannan kau Allah shi yahe man."

Labbo ya tsuguna a bakin ƙofa. Can ya ce ƙota yake so ya sa, irin ta tsoho wadda ba ƙusa, amma bai gane yadda yake yi ba. Nuhu ya ce ai ba a rumfar batir ake yin ta ba, sai an gasa wutsiyar ta ƙone wa kanta hanya a cikin icen. Ya laluba bayansa ya jawo guntun ƙirya, ya jiƙa tsumma ya naɗe kaifin wuƙar, sannan ya ɗan matsa gefe a kan buzun da yake zaune, ya tura zugazugi da ƙafa zuwa wajen ƙofa.

"To shigo mana," ya ce. "Wuta ta kusa mutuwa."

Labbo ya cire takalmansa.